Hatsarin Mota: Yadda Tunanin Mutane Ya Sake

Kakanninmu fatake sun san abin tsoro bisa hanya: ƙishirwa, 'yan fashi da ɓatan kai cikin daji. Gudu ba ya cikin lissafinsu, don raƙumi da jaki ba su kashe mutum da sauri. Da mota ta zo, hatsari ya sake kama, amma tsoron mutane bai sake ba.

Cikin 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën sunka ƙetaro hamada, sunka biyo ta Yamai da Damagaram. Lokacin nan mota abin kallo ce. Bayan samun mulkin kai cikin 1960 anka shiga shimfiɗa gudro, wajen 1980 kuma anka gama hanyar Tawa zuwa Arlit. Tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda. Kowa ya yi murna. Sai dai hanya mai kyau tana kiran gudu. Motar da ke cin kilomita 100 ga awa tana share mita 28 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya taka birki, ya wuce inda ya hango saniya.

To, mi mutane ke cewa in mota ta kife? Sai ka ji: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wasu su ce kwanar nan tana da iskoki. Ba a cika tambaya ba ko tayar ta suɗe, ko direba ya kwana biyu bai runtsa ba, ko kayan sun fi ƙarfin kamyon. Cikin 1998 wani malamin jami'a, Dongo Rémi Kouabenan, ya fitar da binciken da ya yi a Kodibuwar. Ya gano cewa waɗanda sunka fi jingina hatsari ga ƙaddara su ne sunka fi yin ganganci bisa hanya.

Kada ka zaci mu kaɗai munka yi wanga tunani. Cikin 1972 mutum fiye da 16.000 sunka mutu bisa hanyoyin Faransa, jama'a na ganin haka zamani ya gada. Ran 17 ga Mayu 1973 mutanen garin Mazame sunka fito sunka kwanta bisa titi kamar gawarwaki, don yawansu ya yi daidai da na mamatan. Anka nuna su ga talabijin. Shekarar nan anka taƙaita gudu, anka tilasta ɗaura ɗamarar kujera. Cikin 2023 mamatan ba su kai 3.500 ba, alhali motoci sun ƙaru ƙwarai.

Makwabciyarmu Najeriya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra cikin 1988, marubuci Wole Soyinka ya fara shugabantarta. Duk da haka aiki na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum wajen 1.190.000 da sunka mutu bisa hanya cikin 2021, 9 cikin 10 a ƙasashe matalauta da masu tasowa. Afirka na da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan mamaci 1 cikin 5 namu ne.

Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. In za ka hau kabu-kabu, nemi hular kwano. In direba ya cika gudu, yi magana, ko da 'yan mota sun ce ka faye tsoro. Kuɗinka ka biya, kuma iyalinka na jiranka gida.