"Ni Naku Ne": Tarihin Abin da 'Yan Takara Ke Faɗa wa Mutanen Zongo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa masallata da ɗalibai, duk wanda ya yi shekara huɗu a Nima ko Maamobi ya san yadda shekarar zaɓe take. Ranar Juma'a sai ka ga sahun gaba ya cika da baƙin fuska, an sha babbar riga da hula, wasu har da tazbaha a hannu. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba addu'ar arba'in da za a yi ba su leƙo ba. Idan aka ba su lasifika, abin da za ka ji ba ya wuce kaɗan: shi mai tsoron Allah ne, mai riƙon amana ne, ya san talauci don a lungu ya tashi, kuma shi namu ne. To, wannan magana ba yau aka fara ta ba. Kakanninmu sun ji ta tun kafin Ghana ta samu 'yancin kai, sun kuma ga abin da ya biyo baya. Shi ne muke so mu waiwaya a wannan fitowa, ba don mu ce a zaɓi wane ko a bar wane ba. Ƙungiyar masallaci ba ta da jam'iyya.

Nima ta kafu ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili daga dangin Odoi Kwao na Osu, ya zauna da almajiransa da shanunsa. Kusan a lokacin, a 1932, Musulmin Gold Coast suka kafa ƙungiyarsu ta taimakon juna, wato Gold Coast Muslim Association. Da farko ba ruwanta da siyasa. Abin da ya jawo ta ciki shi ne girgizar ƙasar da ta auka wa Accra ranar 22 ga Yuni, 1939. Gidaje suka rushe, hukuma ta fito da kayan gini don a raba, Musulmi kuwa suka ga ba a yi musu adalci a rabon ba. Nan suka gane cewa wanda ba ya nan aka yi rabo, ba shi da na kuka. Sai suka mara wa Bankole Awoonor-Renner baya don ya shiga majalisar birnin Accra. Wannan bawan Allah ɗan boko ne da ya yi karatu a Amurka da Rasha, ba a zongo aka haife shi ba, daga baya ne ya musulunta. Kun ga ke nan tun farko abin da dattawanmu suka nema shi ne wanda zai tsaya musu a wurin rabo, ba su tsaya tambayar gidan da ya fito ba.

Da guguwar neman 'yanci ta taso, jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah, wadda aka kafa a 1949, ta zo da nata halin da take tallatawa. 'Yan takararta sun ce su ne na talaka, masu sadaukar da kai, waɗanda Bature ya ɗaure saboda ƙasa. Zaman kurkuku ya zama abin ado, har wanda ya fito yakan sa wata hula ta musamman don a san ya sha ɗauri. Matasan zongo da yawa sun bi su. Amma manyan 'yan kasuwa da malamai da sarakunan zongo sun ga an ci ƙuri'arsu an manta da su: unguwanni ba magudanar ruwa, makarantun allo ba mai kula, a majalisa ba muryarsu. Sai ƙungiyar Musulmi ta tsaya zaɓen majalisun birni na Accra da Kumasi a 1953, ta samu kujeru kaɗan, a 1954 kuma ta zama cikakkiyar jam'iyya mai suna Muslim Association Party, MAP a taƙaice.

Kiran MAP a bayyane yake: Musulmi ya zaɓi jam'iyyar Musulmi. CPP ta mai da martani cewa ana cakuɗa addini da siyasa, sannan ita ma ta tara nata malamai da matasa Musulmi don su ja da MAP. Nan fa zongo ya rabu biyu. A Kumasi, Sarkin Zongo Alhaji Amadu Baba yana ɓangaren MAP, Malam Mutawakilu yana ɓangaren CPP. Mutane masu alƙibla ɗaya, masu bin liman ɗaya, suka koma kowa na ganin ɗan'uwansa ya sayar da addini. Me aka samu? A zaɓen Yuni 1954, cikin kujeru 104, MAP ta ci ɗaya tak. A zaɓen Yuli 1956 ma ɗaya, ta Kumasi ta Arewa, wadda lauya Cobina Kessie, ɗan Asante, ya ci da tutar jam'iyyar.

Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957. Ba a yi wata shida ba gwamnatin CPP ta kafa dokar korar baƙi, ta ce Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan ba 'yan ƙasa ba ne. Suka garzaya kotu suna cewa nan aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi wata doka ta musamman da sunayensu a kai, aka kwashe su aka kai Kano a Agusta 1957. Mutawakilu ya hau sarautar Zongon Kumasi. A Disamba na shekarar aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila ko yanki. Kafin nan, a Oktoba, MAP ta riga ta narke cikin United Party tare da sauran 'yan hamayya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Kofi Abrefa Busia.

To, ɗalibai, a nan ne muke so ku kasa kunne da kyau. Shekara 12 bayan haka, Busia ya ci zaɓen 1969 da jam'iyyar Progress Party, ya zama firaminista. Wato abokan tafiyar MAP na jiya su ne a kan mulki. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatinsa ta ba da umarnin da ake kira Aliens Compliance Order: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubun-dubatar mutane suka kwashe, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu, wasu ma a nan aka yanke musu cibi, ba su taɓa taka ƙasar da aka ce su koma ba. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance. Ku tambayi tsofaffinku, da wuya ku samu gida a Nima da ba shi da labarin wani da ya tafi a wannan shekara bai dawo ba. Masu kare matakin sun ce don a gyara tattalin arziki ne a kuma sama wa 'yan ƙasa aiki. Ko ma mene ne dalili, abin lura shi ne ɓangarori biyun siyasar Ghana, wanda muka yi hamayya da shi da wanda muka yi ƙawance da shi, kowanne ya taɓa nuna wa ɗan zongo ƙofa. Dukansu kuwa sun sha zuwa neman ƙuri'a da daɗin baki. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen ma, don tarihin ba kuka ne zalla ba. A 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu suka fara samun malaman gwamnati. A zamanin Jerry Rawlings, cikin shekarun 1990, ƙaramar salla da babbar salla suka zama ranakun hutu na ƙasa. Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Musulmi na farko a wannan kujera. A 2017 aka buɗe ma'aikatar raya zongo da tsofaffin unguwanni, aka kuma yi dokar asusun raya zongo, ko da yake ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba. Waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙirgawa, kuma sun zo daga hannun gwamnatoci daban-daban, wasu ma shugabanninsu ba Musulmi ba ne.

Tsarin mulkin 1992 ya sake hana jam'iyyar addini ko ƙabila, amma bai hana ɗan takara tallata halinsa ba, kuma ba laifi ba ne ya yi. Shi ya sa NPP take da reshen Nasara, NDC take da reshen Zongo, kuma babu mai neman shugabancin ƙasa da ba ya zuwa gaida Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya nemi addu'a. Shi kuwa kowa ya zo yakan karɓe shi. A zaɓen 7 ga Disamba, 2024, karon farko babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi, Dokta Mahamudu Bawumia, amma mafi yawan ƙuri'un Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, wato Nima da Maamobi, wurin John Dramani Mahama suka tafi. Kowa da dalilinsa, ba mu ce wani ya yi daidai ko kuskure ba. Abu biyu dai sun fito fili. Na farko, jikokin mutanen MAP ba su ɗauki sunan addini kaɗai a matsayin hujja ba. Na biyu, washegari, tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba, Bawumia ya fito ya amince da kaye, aka kwana lafiya. Wannan hali ba a kan allon talla aka karanta shi ba, a aikace aka gani, a ranar da yake da wuya.

Me karatunmu ya ce a kan wannan? Ɗalibai sun san ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana cikin Suratul Ƙasas, inda 'yar dattijon nan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda siffa biyu, ƙarfi da amana. Ba Musa ne ya faɗa da bakinsa ba, ita ce ta gani a bakin rijiya. Annabi Yusuf (AS) kuwa da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar ya ambaci tsarewa da sani, amma bayan sarki ya riga ya bincika ya tabbatar da gaskiyarsa. Kuma a Sahihu Muslim, da Abu Zarri (RA) ya nemi muƙami, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa cewa yana da rauni, abin kuwa amana ce. Wa zai yi shakkar tsoron Allahn Abu Zarri? Amma taƙawa ita kaɗai ba ta wadatar ba a wurin shugabanci, sai da iyawa. Idan haka ne ga sahabi, ina ga wanda ba mu san shi ba sai a fosta?

Saboda haka idan ɗan takara ya zo, na kansila ne ko na majalisa ko na shugaban ƙasa, mu karɓe shi da mutunci, baƙo ne. Amma mu tambaye shi abin da za a iya bi a duba. In ya ce yana da amana, me aka taɓa damƙa masa, yaya ya mayar? In ya ce ya san wahalarmu, yaushe ya tsaya bakin babbar gwatar Nima da damina? Me ya yi wa yaron da aka haifa a Maamobi, ubansa ma nan aka haife shi, amma ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo ana tambayarsa asalin garinsu saboda sunansa? Mu rubuta alkawarin da ya yi da ranar da ya yi shi, mu ajiye a ofishin masallaci, in ya dawo bayan shekara huɗu mu karanta masa. Alkawari kaya ne.

Mu ma akwai namu. Ƙuri'a shaida ce, mai sayar da ita kan buhun shinkafa ko sidi ɗari ya yi shaidar zur a kan unguwa guda. Matasanmu kada su yarda a ɗauke su 'yan bangar kowa, don in rigima ta tashi ba ɗan ɗan takara ake kaiwa asibiti ba. Kada kuma mu maimaita abin da ya faru a shekarun 1950, a raba sahu saboda jam'iyya. 'Yan siyasa gobe za su shirya su ci abinci tare, mu kuwa mu ne za mu ɗauki gawar juna zuwa maƙabarta.

Ɗalibai, ga aikin gida. Kowa ya samu tsoho ɗaya ko tsohuwa a gidansu da ya ga shekarar 1969, ya zauna ya ji labarin daga bakinsa, ya rubuta ya kawo wa malaminsa. Waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu ƙarfi da amana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Ghana lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.