Na'ura da Mai Koyo a Ɓangarori Biyu na Iyakar Illela

Illela da Birnin Ƙonni garuruwa ne maƙwabta, harshensu ɗaya. Amma tun da Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakaninsu a farkon ƙarni na 20, sai hanyar koyar da karatun boko ta rabu biyu.

A ɓangaren Nijeriya, na'urar da aka dogara da ita ita ce ta buga littattafai. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A farkon shekarun 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka kuma kafa hukumar NORLA don ta wadata sababbin masu karatu da abin karantawa cikin harshensu. Lardin Sakkwato, inda Illela take, ya sami tasa jarida, wato Zaruma, kamar yadda Katsina ta sami Himma, Kano kuma Sodangi. Ajin manya na 'yan watanni ne kurum. Abin da ke hana karatu zubewa bayan an tashi shi ne takardar da mutum ya saya da kwabonsa, ya sa aljihu, ya buɗe a zaure sa'ad da ya ga dama. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu, inda tun da can ɗalibin ilmi shi ke zaɓen malaminsa da littafin da zai ɗauka. An rufe NORLA a 1959, wannan kuwa lalle hasara ce.

Nijar ta bi wata hanya dabam. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara koyar da yara Faransanci ta talabijin a 'yan makarantu na kewayen Yamai. An tsara shirin da gwaninta, ba shakka. Amma akwatin na aji ne, lokacin darasi kuma yana hannun masu watsawa. Yaro ba shi da ikon tsai da magana ko maimaita ta, ba kuma abin da zai tafi da shi gida. Ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa can a 1962 sun fi sakar wa mutum mara, domin ana ɗaukar muryar manomi a rikoda cikin harshensa, a mai da ita gidan rediyo. Amma Hausa ba ta zama harshen koyarwa a makarantar gwamnati a Nijar ba sai 1973, da aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram.