Hoton Jijiyoyin Ƙoda: Yadda Ake Gano Illa da Haɗarin da Ke Cikin Gwajin

Ƙoda biyu na karɓar kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke bugowa. Idan kitse ya taru a jijiyar da ke kai musu jini har ta ƙuntata, sai ƙodar ta fitar da sinadarin renin, hawan jini ya tashi, ita kuma ta soma motsewa. Likita Harry Goldblatt ne ya tabbatar da wannan alaƙa a Amurka a 1934, bayan ya matse jijiyar ƙodar karnuka. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ƙuntata taruwar kitse ce sanadi, musamman ga dattawa da masu ciwon suga da masu shan taba. Sauran galibi mata ne masu ƙarancin shekaru, waɗanda bangon jijiyar tasu ya yi kauri.

Ana fara gwaji da sikanin na Doppler, mai auna girman ƙoda da gudun jini ba tare da allura ba. Ƙodar babban mutum takan kai santimita 10 zuwa 12, kuma bambancin da ya wuce santimita 1.5 tsakanin biyun alama ce ta matsala.

Hoton CT ya fi fito da jijiya sarai, amma sai an yi allurar rini mai aidin, wanda kan iya ƙara wa ƙoda mai rauni lahani. Shi kuma MRI yana amfani da gadoliniyam, wanda a 2006 aka danganta da wata cuta mai taurara fata a jikin masu ciwon ƙoda mai tsanani. Saboda haka ake auna kiriyatinin a jini kafin ɗaukar waɗannan hotuna, ana kuma yin taka-tsantsan idan ƙarfin tacewar ƙoda ya gaza 30.

Ganin ƙuntata a hoto ba ya nufin sai an yi aiki. Binciken ASTRAL na Birtaniya a 2009 da na CORAL a 2014 sun nuna cewa ga yawancin marasa lafiya, sanya ƙaramin bututu a jijiya bai fi magungunan hawan jini da na rage kitse amfani ba. Ana keɓe aikin ne ga masu hawan jinin da ya gagari magani, ko waɗanda ruwa ke taruwa a huhunsu ba zato, ko ƙodarsu ke lalacewa cikin sauri.