Keke ba birki: daga lungunan Kusugu zuwa Kalifoniya

Jiya da la'asar ina tsaye kusa da rijiyar Kusugu ina jiran wani abokina, sai ga wani yaro ya ɓullo daga lungu a kan ɗan ƙaramin keke mai kaurin taya da dogon kai. Da ya zo kwana sai ya miƙa ƙafar dama baya, ya danna silifa a kan taya, keken ya yi ƙiii ya tsaya cak. Na leƙa: ba waya, ba robar birki, ko hannun matsawa babu. Dariya ta kama ni, don da irin wannan na koyi keke a garin nan.

Mu 'yan keken haya ne. Mai haya yana zaune da agogonsa, kai kuma kana ƙirga mintinanka, wa ke da lokacin duba birki? In ka yi ƙorafi ya ce maka, "Kai yaro, Allah bai ba ka ƙafa ba?" Tabon da ke gwiwata ta hagu daga nan ya samo asali, ranar da akuya ta gitta mini, silifa ta tsinke, katangar wani gida ta karɓe ni.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tsofaffin kekunan duniya ma da ƙafa ake sarrafa su. Wanda Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817 ko feda ba shi da ita, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa. A 1885 John Kemp Starley ya fito da Rover a Coventry ta Ingila, mai tayoyi biyu kusan kai ɗaya da sarƙa, wato kakan keken da muka sani. A 1888 Dunlop ya kawo tayar iska. Kekunan wancan zamani feda da tayar baya a ɗaure suke: muddin taya na juyawa, feda na juyawa, in kana son rage gudu sai ka turje da cinya. Sai da firiwil ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1890, aka samu damar sakin feda a gangara, sannan birki mai kyau ya zama dole. Har yau kekunan tseren da ake yi a zagayayyen fili mai gangare, irin wanda aka gina a filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003, ba su da firiwil, ba su da birki.

Mu kam da keke ya iso ƙasar Hausa, da birkinsa ya zo, na sandar ƙarfe. Rale, ta kamfanin Raleigh na Nottingham, ita ce sarauniya, har masana'anta kamfanin ya yi a Kano. Malamin makaranta, malamin gona, masinjan En'e, ɗan koli mai cin kasuwannin ƙauye, kowa burinsa Rale mai ƙararrawa da fitila. Daga baya Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo da sauƙin kuɗi. Keke a lokacin abin mutunci ne, ana goge shi da tsumma kowace safiya. Wanda birkinsa ya lalace bai gyara ba, talauci ne ko sakaci.

Can kuwa a kudancin Kalifoniya ta Amurka, wajen 1970, yara suka fara kwaikwayon masu tseren babur a cikin ƙasa da tudu, da ƙananan kekunansu samfurin Schwinn Sting-Ray. Fim ɗin On Any Sunday na 1971 ya nuna su a farkonsa, abin ya bazu kamar wutar daji. Sunan wasan, BMX, daga wannan kwaikwayon tseren babur ya fito. Sannan wasu, irin su Bob Haro, suka bar tsere suka koma wasa da keken kansa: tsalle, juyi a sama, tafiya a kan taya ɗaya. Nan birki ya fara zama ƙarfen ƙafa. In za ka wulwula kan keke ya zagaya ya dawo hannunka, wayar birki sai ta nannaɗe. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata 'yar na'ura, Gyro, da ke raba wayar gida biyu a wuyan keke don kai ya juya yadda ya so. Amma tana da nauyi, tana son gyara kullum. 'Yan wasan titi da yawa sai suka ce a kai kasuwa, suka kwance komai. Da kuɗinsu, da sabon keke, suka zaɓi abin da mai haya ya tilasta mana. Yadda suke tsayawa kuwa? Takalmi a kan tayar baya, sak yaron Kusugu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wasan da Turawa ke kira trials. A yankin Kataloniya na Sifen ya yi ƙarfi a shekarun 1970, inda Pere Pi na kamfanin babura na Montesa ya ƙera wa ɗansa Ot Pi keken hawan duwatsu, yaron kuma ya girma ya zama zakaran duniya. A wannan wasa gudu ba shi da daraja. Ka hau dutse, ka dira a kan kututture, ka tsaya a kan tayar baya kana ɗan tsalle kamar fara, ƙafarka kada ta taɓa ƙasa. Duk taɓawa maki ne a kanka. Birki shi ne ran wasan, har gurza bakin garau suke yi ya yi kaushi don roba ta cije.

Duk Badaurin da ya taɓa kallon jafi a hawan Sallah ko Sallar Gani ya fahimci wannan ba sai an yi masa bayani ba. Kowane doki yana iya sukuwa. Gwanin mahayi shi ne wanda zai taho a guje, ya ja linzami a gaban Sarki, doki ya turje ƙura ta tashi, shi kuwa yana kan sirdi ya ɗaga hannu. To ka ɗauka an ce a yi jafi ba linzami. Haka wasu 'yan trials suka yi, cikinsu har da Ali Clarkson na Birtaniya, wanda ya yi suna da hawa ba birki. Tunda ba dama ka daskare wuri ɗaya ka yi tunani, dole tun kafin ka tashi ka san inda za ka dira da inda gudun zai kai ka bayan nan. Hawan sai ya koma kamar ruwa, ba yankewa. A ganina ya fi kyan kallo, ko da yake gwiwata ba ta yarda da ni ba.

Wasan BMX kuwa ya yi nisa yanzu. Tseren BMX ya shiga Olamfik a Beijin a 2008, kuma a tsere birkin baya wajibi ne. Na salon tsalle da juyi ya shiga a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Akwai ma ɗan Najeriya a cikin fitattun 'yan wasan titi, Courage Adams, haifaffen birnin Benin da ya tashi a Sifen.

Sai dai filin wasa daban, titi daban. A Landan, a 2016, wani matashi a kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18. Lungunanmu kuwa ga yara masu talla, ga tsofaffi masu zuwa masallaci, ga 'yan acaɓa da ke fitowa ba hon.

Shi ya sa na kira yaron nan. Keken, in ji shi, gwanjo ne da babansa ya saya masa, kuma da birki ya zo, kwana uku ya yi ya tsinke. Na ce ya nuna mini silifarsa. Ta dama taya ta cinye tsakiyarta, ta yi kwari har ana ganin tafin ƙafa, ta hagu kuwa sabuwa fil. Ya ce wannan ce ta uku tun ƙaramar Sallah, kuma innarsa ta rantse ba za ta sake saya ba. Na ba shi kuɗin waya da roba, na nuna masa rumfar mai faci. Ya ce, "Na gode, Baba," ya haye, ya saki hannu biyu, ya bi ɗaya hanyar.