TARIHI: Lokacin da kumandan ke yanke kuɗin sa da na hatsi a Arewa



Tun watan Mayun 2025 da gwamnati ta hana fitar da bisashe waje gabanin sallar layya, gardama ba ta mutu ba a majalisunmu. Mai albashi ya ce an kyauta, makiyayi da dillali su ce an karya su. Yau ba alƙalanci za mu yi ba. Tarihi za mu buɗe, don ƙasar nan ta taɓa ganin zamanin da hukuma ce ke faɗin kuɗin sa, na rago da na hatsi, kuma kakanninmu ne sunka ɗauki nauyin abin. Zamanin yaƙin duniya na biyu ke nan, wanda tsofaffi ke ce ma yaƙin Hitila.

Sai mun fara da iyaka, in ba haka ba labarin ba ya fita. A yarjejeniyar da Faransa da Ingila sunka yi a 1898, tsakiyar Dallol Mauri ɗin nan namu anka ɗauka a matsayin iyaka, har zuwa inda ta gamu da wani da'ira mai mil 100 da anka zana kewaye da Sakkwato. Ke nan a takarda, gabashin dallol na Ingilishi ne. Sai a 1904 da 1906 anka sake zama, anka tura layin gabas, Arewa ta faɗo hannun Faransi. Amma kasuwa ba ta san da wannan ba. Shanunmu da tumakinmu kudu sunka saba bi, Kamba, Birnin Kabi, Jega, wasu har Ilori da Ikko. Daga can kuma ake kawo goro, yadi da sule.

Yaƙi ya tashi a Satumba 1939. A Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa, Marshal Pétain ya kafa gwamnatinsa a Vichy, babban gwamna Pierre Boisson da ke Dakar ya bi shi. Cadi kuwa, ƙarƙashin Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na shekarar. Kun ga inda Nijar ta tsinci kanta: Ingilishi a kudu, mutanen de Gaulle a gabas, dukansu yanzu abokan gaba. Shi ya sa anka aiko soja, Janar Falvy, ya riƙe ƙasar, anka rufe iyakar Najeriya, anka ƙara soji a bakinta. Jean Toby ya karɓe shi a 1942.

Soji sai da abinci. Ma'aikata da leburorin aikin tilas ma haka. Jiragen ruwa sun daina zuwa yadda anka saba, man mota ya yanke har manyan motoci sunka koma tafiya da gawayi, kantuna sunka bushe: ba yadi, ba sukari, ba kananzir. Idan kaya sunka yi ƙaranci kuɗinsu na hawa, wannan ko yaro ya sani. Hukumar Nasara ba ta son biyan wannan hawan, sai ta yanke nata kuɗin. A ranar 14 ga Maris 1942 gwamnatin Vichy ta fitar da doka guda da ta tattara tsarin ƙayyade farashi a ƙasashen da take mulka, da hukuncin wanda ya ƙetare. Amma a ƙauye ba da takarda abin ke zuwa ba. Gwamna a Yamai ya aza ma kumandan adadi, kumandan ya raba ma sarakunan kanto, sarki ya raba ma masu gari, mai gari ya bi gida gida. Hatsi kaza, gujjiya kaza, shanu kaza, jakai ko raƙuma kaza na ɗaukar kaya. Da sunan saye ne, ana ma biya. Sai dai mai saye shi ke faɗin kuɗi, shi ke aunawa, shi ke da gardi.

Nan ne ciwon yake. Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Fadama ya san yadda ake yi: a taya, ka ce albarka, a ƙara, ka sake cewa albarka, har ranka ya kwanta ka sallama, ko ka kora abinka gida. Wannan albarkar ita ce duk ƙarfin talaka a ciniki. Ita anka ƙwace. Kuma ko an ba ka kuɗin, mi za ka saya da su? Faran na Faransi bai da amfani sai wajen biyan bodo, tunda kantin da za ka kai shi babu komi ciki. Mata sunka koma kaɗi, masaƙa sunka samu aiki, amma tufa ta yi wuyar da har yau in tsofaffi na labarin shekarun nan, rashin sutura suke fara ambata kafin yunwa.

Ga kuma rumbunan ajiya. Su ba yaƙi ya kawo su ba. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta jawo, ta kashe dubban mutane a yammacin ƙasar, hukuma ta tilasta kowane mai gida ya zuba wani rabo na hatsinsa a rumbun da ba ya da ikon buɗewa sai da izni. A ilimin takarda dabara ce mai kyau, mu ma ba mu musa ba. Amma hatsin da ka noma, kana kallon rumbunsa, iyalinka na kwana da yunwa, mabuɗi na hannun wani, wannan ba ajiya ba ce a idon manomi. Da yaƙi ya zo kuma, hukuma ta riga ta san inda hatsin kowane gari yake.

To mi mutane sunka yi? Abin da kuke tsammani. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana, amma ba ta samun na kirki. In an ce a kawo sa, ramamme ake fiddawa. Mai ƙiba ya bi daji da dare, ya kwana ƙasar Kabi, inda ake biya da sule, sule kuma na sayen yadi da goro. Iyakar da ta ratsa gonaki da dangi, wadda mutum ke ƙetarawa da ƙafa tsakanin magariba da asuba, soji nawa za su tsare ta? Wasu ba dabba kaɗai sunka kora ba, gida sunka tayar gaba ɗaya sunka koma Ingilishi. Kuma adadin da anka aza ma gari ba ya raguwa don wasu sun tashi, waɗanda sunka rage ne ke cikawa. Sarakuna da masu gari na tsaka mai wuya: ka cika adadi jama'a su tsine maka, ka kasa kumandan ya tuɓe ka. Amma kada mu yi ma tarihi kwalliya, ba duka ne sunka raba nauyin da adalci ba. Wanda ke da uwa a gindin murhu ya tsira, maras gata ya biya sau biyu.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, sauya ɓangare bai kawo sauƙi ba. A Nuwamba 1942, bayan sojan Amurka da Ingila sun sauka Maroko da Aljeriya, Boisson ya juya ya bi su. Faransi da Ingilishi sunka koma abokai. Sai neman kaya ya ƙaru, don yanzu an ce kowa ya ba da gudummawar 'yanto Faransa. Shekarun 1943 da 1944 ba su fi na Vichy sauƙi ga manomi ba.

Kada kuma a ɗauka can Ingilishi aljanna ce. Su ma sun ƙayyade farashin abinci. A Legas wani Bature, Kyaftin Pullen, shi anka ɗora ma aikin tun 1941, har gwamnati ta buɗe nata wuraren saida gari da sauran abinci. Matan kasuwa, ƙarƙashin Alimotu Pelewura, sunka ƙi, sunka yi ta kai ƙara da zanga-zanga, kaya sunka koma kasuwar bayan fage. Tsadar rayuwa ce ta kai ma'aikatan Najeriya ga babban yajin aiki na Yunin 1945.

Abin mamaki, Turawa sun riga sun ga irin wannan a gidansu, kuma a kan dabbar da mu ba mu ci. A yaƙin duniya na farko Jamus ta ƙayyade kuɗin hatsi da dankali, ta bar na nama. Manomi ya yi lissafi, ya ga zuba ma alade dankali ya fi kai shi kasuwa riba. Da hukuma ta farga, sai ta ce aladu na cinye abincin mutane, a yanka su. A farkon 1915 an yanka wajen miliyan 5. Nama ya yi araha na ɗan lokaci, wani ya ruɓe don ba wurin ajiya, daga baya ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, gonaki kuma sunka rasa taki. A ƙarshen shekarar anka ƙayyade kuɗin aladen kansa, sai ya ɓace daga kasuwannin birni. Ka toshe nan, ta ɓalle can. Ku cire alade ku sa sa, ku cire Balin ku sa Dutsi, lissafin manomin ɗaya ne.

Ingila ta koyi darasi. A yaƙi na biyu, daga Janairun 1940, ma'aikatar abinci ta zama ita kaɗai ke sayen dabbobin yanka, kuma ranar 8 ga watan anka fara rabon naman alade, man shanu da sukari da kati. Yawan aladun ƙasar ya ragu da fiye da rabi, don an fi son hatsi ya tafi bakin mutane. Tsarin ya riƙe, duk da ana ɗan ha'inci. Dalili kuwa a fili yake: manomi ya san kuɗin da za a ba shi tun kafin ya yi kiwo, kuma kowa na da kati, daga attajiri har lebura. A nan kati na Turawa ne da ma'aikata a birane. Mai noma hatsin da mai kiwon san ba su cikin rabo, suna cikin masu bayarwa kawai. A ganinmu wannan shi ne bambancin gaskiya, ba wai Bature ya fi mu bin doka ba.

Yaƙi ya ƙare a 1945. A Disambar shekarar anka ƙirƙiro kuɗin sefa. A farkon 1946 anka gama soke dokar indijena, wadda ke ba kumandan damar ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba, kuma ranar 11 ga Afrilu dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas. A Mayun shekarar anka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, kuma cikin koke-koken da 'yan siyasar farko sunka riƙa jan ƙauyawa da su har da maganar rumbunan nan da karɓar kaya da ƙarfi. Ba sai an yi ma kowa dogon bayani ba, kowane gida na da nasa labari.

Bayan 'yancin kai hukuma ba ta fita kasuwa ba. A 1962 anka kafa SONARA don sayen gujjiya a kuɗin gwamnati, a 1970 anka kafa OPVN don hatsi. OPVN na nan har gobe, ita ce ke kawo buhunan da ake saidawa a farashi mai rahusa lokacin da damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa. Gujjiya kuwa, shekarar da kuɗin Najeriya ya fi, kudu take bi, shekarar da na nan ya fi, ta can ce ke hawowa, ta hanyoyin dajin da shanun 1941 sunka bi.