Tarihin da ke Bakin Iyaye: 'Ya'yan 'Yan Gudun Hijirar Biyetnam

Ranar 30 ga Afrilu 1975 birnin Saigon ya faɗa hannun dakarun Biyetnam ta Arewa. A Biyetnam ta yau ranar bikin haɗe ƙasa ce. A unguwar Little Saigon ta Kalifoniya kuwa zaman makoki ake yi, ana kiran watan Baƙin Afrilu. Yaron da iyayensa ke cikin mutum kusan dubu 800 da suka tsira ta teku zuwa sansanoni irin su Pulau Bidong a Maleshiya ya gaji tarihi ne mai baki biyu.

Ra'ayina shi ne, tikitin jirgi ba ya warware masa wannan ƙulli. Tun da Amurka ta maido da hulɗa da Hanoi a 1995 matasa ke zuwa ganin gida, sai su tarar ƙasar da aka baro, wato Biyetnam ta Kudu, babu ita. Ba a kafa tutarta mai ruwan ɗorawa da jajayen layuka uku, birnin Saigon ma ya koma Ho Chi Minh, dangi kuma na kiransu *Việt kiều*, wato 'yan ƙasa mazauna waje.

Ainihin taskar tana bakin iyaye, su kuwa sun yi gum. Masaniya Marianne Hirsch ta nazarci yadda ɗa ke ɗaukar raɗaɗin abin da bai gani ba kamar a kansa ya faru. Thi Bui, wadda aka haifa a 1975 aka tsere da ita a 1978, ta shafe shekaru tana yi wa mahaifanta tambayoyi kafin ta fitar da littafinta na zane, *The Best We Could Do*, a 2017. Sai da ta ji yadda mahaifinta ya sha yunwar 1945 yana yaro ta gane inda zafin halinsa ya samo asali.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. A Biyetnamanci yaro ba ya ce wa uwarsa "ni". *Con* yake kiran kansa, wato ɗa. Wanda Turanci ya rinjaya ya rasa wannan mazaunin a zance. Duk shekara, ranar tuna mamaci, zai tsaya gaban teburin kakanni, ga hoto, ga turaren tsinke, ga shinkafa da lemo, uwarsa tana magana da mai hoton ƙasa-ƙasa, shi kuwa rabin maganar kawai yake tsinta.