Daga Tsumma zuwa Soso: Tarihin Nannaɗe Gashi Ba da Wuta Ba

Tun kafin wutar lantarki ta shiga gidaje, matan Turai suna kwana da tsummoki a ka. A Ingila da Faransa, a ƙarni na 18 da na 19, uwa takan jiƙa gashin 'yarta da dare, ta raba shi ƙulli-ƙulli, ta nannaɗe kowane ƙulli a jikin ƙyalle ko guntun takarda, ta ɗaure bakin. Da gari ya waye sai a kwance, gashin ya zubo a murɗe. Dalilin da ya sa wannan dabara take aiki bai canza ba har yau. Ruwa yana sassauta wasu raunanan mahaɗai da ke riƙe da sifar kowane silin gashi, idan kuma gashin ya bushe a lanƙwashe sai mahaɗan su sake kamawa a sabon matsayi, su zauna haka har ranar da ruwa ko damshi ya sake taɓa su. Rolar soso da ake sayarwa yau a shagunan kayan kwalliya jikar wancan tsumma ce. Ana yawan tambaya ko tana lalata gashi, kuma a ganina tarihin sana'ar ya riga ya ba da amsa: abin da ake naɗa gashin a kai ƙaramin laifi yake da shi, babbar ɓarnar tana zuwa ne daga ƙarfin da aka ja gashin da shi da kuma yawan dararen da aka bar shi a jaye.

Wuta ta shigo sana'ar ne saboda gaggawa da son ado mai daɗewa. Romawan zamanin da suna da wani ƙarfe da bayi ke ɗumamawa a cikin toka mai zafi su murɗa gashin iyayengijinsu. A 1872 wani mai gyaran gashi a Paris, Marcel Grateau, ya fito da salon murɗa gashi da zazzafan ƙarfe wanda ya ɗauki sunansa ya zagaye duniya. A 1906 kuma Karl Nessler, Bajamushe mazaunin Landan, ya nuna na'urarsa ta murɗi mai ɗorewa: a shafa wa gashi sinadari mai kaifi, a naɗe shi a kan sandunan tagulla masu nauyi da aka rataye daga sama don kada su taɓa fatar kai, a sakar musu zafi, mace ta zauna kusan awa 6. A gwaje-gwajensa na farko sau biyu yana ƙone gashin matarsa, Katharina. Irin wannan ɓarna ba ta ɓuya. Zafi mai tsanani yana tafasa ruwan da ke cikin silin gashi, ya bar kumfa a ciki, silin ya yi rauni ya karye a daidai wurin. Na'urorin miƙar da gashi na zamani kuwa suna kaiwa digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Duk wadda ta guji wannan ta koma ga ruwa da haƙuri ta yi wa gashinta gata, kuma ban ga hujjar da za ta rushe wannan ba.

Sai dai gudun wuta bai kawo ƙarshen matsalar ba. A 1937 Otto Bayer da abokan aikinsa a Jamus suka haɗa sinadarin da ake yin soson roba da shi, a shekarun 1950 kuma soson ya yi arha ya shiga katifu da kujeru, daga nan ya shiga kan mata. A wancan zamani a Amurka al'ada ce mace ta wanke kai, ta naɗe shi a kan rola, ta ɗaura gyale ta kwana a haka. Akwai rolar waya mai burushi a ciki, akwai ta roba mai tauri, akwai ta soso mai maƙalin roba, wadda aka fi so don ba ta hana barci. A 1961 wata mujallar likitocin fata a Amurka ta buga rahoto a kan matan da gashinsu ya zube a daidai layukan da suke ɗaura rolar burushi. Babu wuta a lamarin, babu sinadari. Ja ne kawai, dare bayan dare, a wuri guda.

Likitoci sun san wannan cuta tun kafin rola. A 1907 aka fara bayyana ta a rubuce, a tsakanin matan Girinlan da ke tattare gashinsu su ɗaure shi tamau a tsakar ka, har gefen goshinsu ya kwashe. Shekara 100 bayan haka, a 2007, likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka duba mazauna unguwar Langa da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu, suka tarar kusan kashi 32 cikin 100 na mata manya suna da irin wannan zubewar gashi, haka ma kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda aka yi wa kitso mai tsauri a kan gashin da aka riga aka miƙar da rilaksa. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kowa ya taɓa ganin yarinyar da aka yi wa kitson Sallah, girarta ta ɗage sama, ƙananan ƙuraje sun fito a bakin tsaga, tana kasa sunkuyar da kai, manya na ce mata ta daure zai saki bayan kwana biyu. Waɗannan ƙurajen saiwar gashi ce ke kuka. Rolar soso da aka naɗe har ta manne da fatar kai tana yin daidai abin da yatsun makitsiya mai zafin hannu suke yi, laushinta kuwa ba ya rage komai daga jan.

Za a ce na wanke soson da yawa, domin masu amfani da shi suna kukan bushewa da karyewar baki. Kukan gaskiya ne. Soso abu ne mai shan ruwa da mai, idan ya kwana manne da gashi zai tsotse man kaɗanya ko man kwakwar da aka shafa, fuskarsa mai ramuka kuma tana kama silin gashi lokacin kwancewa, maƙalin robar ma yakan datse inda ya danne. Gashinmu, mai murɗi tun asali, ya fi saurin jin wannan, saboda man da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa har baki cikin sauƙi, kuma kowace lanƙwasa a jikin sili wuri ne mai rauni. Ga kuma kuskuren naɗe gashi yana ɗigar ruwa: jiƙaƙƙen gashi ya fi miƙewa ya fi saurin tsinkewa, soson kuma ya riƙe damshin har safe. Amma duk waɗannan an daɗe da samo maganinsu, shi ya sa masu gyaran gashi suke sa siririyar takarda a bakin gashi kafin naɗi, kamfanoni kuma suka fito da rolar da aka lulluɓe da satin.

Bambancin da ya fi damuna shi ne inda ɓarnar take sauka. Bushewa da karyewa suna taɓa silin da ya riga ya fito, wanda ba shi da rai, a datse shi wani ya tsiro, kimanin santimita 1 a wata. Ja kuwa saiwa yake taɓawa. A farkon lamari, idan aka sassauta, gashin yana dawowa. Idan aka ɗauki shekaru ana ja a wuri ɗaya, saiwar takan mutu, tabo ya maye gurbinta, daga nan babu man da zai tsirar da gashi a goshin. Alamomin da ke zuwa kafin a kai nan su ne ciwon kai bayan naɗi, zafi a fatar kai, da ƙuraje a gaban goshi ko bayan kunne, kuma duk wadda ta ji ɗaya daga cikinsu ya kamata ta kwance rolar a daren, ko da adon gobe zai lalace.